Jonna Mai Dafa Mota

Shekara talatin da ɗaya Jonna Iversen ta yi tana tuƙa motar janwe a gaɓar tekun yamma, daga Thorsminde har Lemvig. Ta ciro motocin Jamusawa 'yan hutu daga cikin yashi ba adadi, ta ciro tankar madara daga rami, ta taɓa jawo motar limamin coci da shi kansa a ciki yana ƙanƙame da sitiyari. Amma ka shiga garinsu ka ce kana neman Jonna mai janwe, sai a tsaya ana sosa ƙeya. Ka ce Jonna mai dafa mota, kafin ka rufe baki an nuna maka gidan. Mutanenmu haka suke. Ka yi abin kirki dubu su ce ba laifi, ka yi wauta ɗaya kana ɗan shekara bakwai su riƙe maka ita har ka yi furfura.

Abin ya faru ne a watan Nuwamba na 1967, lokacin da yayanta Erling ya cika sha biyu. Ubansu Anker masunci ne, shi da abokansa uku suke da ɗan ƙaramin jirgi. Da safen ranar, bayan an kafa 'yar tuta a kan tebur, kamar yadda ake yi ranar haihuwa, an yanka burodi, sai ya zaro kwali daga cikin rigar sanyinsa ya ajiye gaban yaron. Motar janwe ce ta irin 'yan bulon robar nan da ake dannawa su kama juna. Ja ce, mai baƙaƙen tayoyi, da ƙugiya a bakin zare, da wani ɗan maɓalli a kan rufi wanda in ka murɗa tayoyin gaba su juya. Bulon gina gidaje kowane yaro a layin yana da ɗan abin da ba a rasa ba, amma mota mai juya tayoyi ba wanda ya taɓa gani sai a tagar kanti a Holstebro.

Sai dai a safiyar ne iska ta kwanta bayan kwana tara tana hana fita, jirage kuma duk sun tayar da inji. Anker ya sha gahawarsa a tsaye, ya dafa kan ɗansa ya ce kada ya haɗa motar sai ya dawo, tare za su yi. Erling yaro ne mai riƙe magana tun yana ƙarami. Ya zare takardar da ke nuna yadda ake haɗin kawai, ya mayar da murfin kwalin, ya ɗora shi a saman kabad. Da takardar yake zuwa makaranta, da ita yake cin abinci.

Jonna ta yi haƙurin kwana biyu, wanda a wurinta ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. A rana ta uku ta ɗora kujera a kan akwati ta sauko da kwalin. Ta sha rantsewa daga baya cewa tayoyin kawai take son gani. Ta juye komai a cikin siket ɗinta ta tafi rumfar da ake ajiye koma, ragar kamun kifi, inda ba mai ganinta, a can kuwa ta yi tuntuɓe da igiya, kayan suka zube cikin bokitin baƙin man da ake shafa wa koma. Ta goge da hannu, abin ya ƙara baƙi. Ta goge da siket, siket ɗin ma ya tafi.

Ranar wanki ce, uwarsu Edel ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar wanki tun da safe. Jonna ta sha ganin yadda rigunan aikin ubansu ke shiga tukunyar nan baƙi ƙirin su fito tas. Sai ta faki idon uwar ta antaya bulon a ciki, ta mayar da murfi, ta koma gefe tana jira hankali kwance. In za a yi adalci, tunanin nata ba shi da aibu.

Da Edel ta zo juya wanki da muciya, sai ta fara tsamo wasu jajayen abubuwa a lanƙwashe, wasu sun manne da juna, gilashin gaba ya nannaɗe kamar busasshen kifi. Da ta gane ko mene ne, ta yi niyyar faɗa, dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a bakin ƙofa tana share hawaye. Ta ƙwala wa maƙwabciya kira, maƙwabciya ta kira wata. Kafin a taso daga makaranta duk layin an ji. Erling ya dawo ya tarar da kayan a shanye a kan tsumma. Bai yi kuka ba, bai dake ta ba. Ya dube su, ya dube ta, ya ce, "Bari Baba ya dawo."

Baba bai dawo ba. Kwana biyu bayan haka iska ta taso daga arewa maso yamma, jirage suka shigo ɗaya bayan ɗaya, nasu Anker bai shigo ba. Akwatin kifi guda mai lambar jirgin kaɗai teku ya mayar, can wajen gaɓar kudu.

Wani zai ce ai daga nan zancen dafa mota ya mutu. Ina! Shekara biyu bayan haka aka yi wa Erling bikin coci na cika sha huɗu, biki na farko a gidan tun rasuwar. Kowa ya zauna jugum yana kallon kujerar da ba kowa. Goggonsu Oda ce ta tsara waƙar ranar, ta naɗe takardun ta ɓoye su cikin ɗan jirgin kwali da ta ƙera, kamar yadda ake yi. Aka buɗe jirgi, kowa ya zari takardarsa, aka fara rerawa a sanyaye, har aka iso baiti na biyar:

Wasu na dafa dankali, wasu na dafa kifi,
Jonnarmu ta dafa mota, ba gishiri ba yaji.

Ɗakin ya kece da dariya. Edel ma ta dara, karo na farko cikin shekara biyu, har tana riƙe ciki. Goggo Oda ba mugunta ta nufa ba, kuma gidan yana bukatar dariyar nan. Amma daga ranar baitin ya samu wurin zama. Duk bikin da za a yi a dangin, na aure ne, na cika shekara ne, ko waƙar wa ake yi, sai an nemo inda za a cusa shi. A bikin auren Jonna sau biyu aka rera.

Ita ba ta damu da dariyar ba, tare ake yi da ita, muryarta ma ta fi ta kowa. Abin da ke ci mata rai shi ne duk lokacin da aka iso baitin, in ta ɗaga ido za ta ga Erling ya rufe baki yana juya kofinsa a kan tebur, sai an wuce ya ci gaba da waƙa. Ba wanda ya lura sai ita. Bai taɓa faɗa mata baƙar magana ba. Ya shiga teku yana sha biyar, ya zama mai jirgin kansa, kuma duk ranar da ya shigo da kifi sai an aiko mata da nata. In iska ta yaye mata rufi shi ne na farko a kan tsani. Amma da ya gama zai ce yana sauri, ya tafi gahawa na kan wuta. Yana yi mata duk abin da wa ke yi wa ƙanwa, ban da hira. Jonna ta san dalili, ta kuma san cewa ba motar roba kawai ta dafa ba. Sau uku ta yi yunƙurin tayar da maganar, sau ukun yana cewa, "Ai abin yara ne," ya koma zancen iska.

Rayuwarta dai ba ta tsaya jiran sa ba. Tana sha biyar ta shiga aikin fiɗar kifi, ta yi shekara takwas hannunta cikin ruwan ƙanƙara. Ta auri Svend, wani bakanike mai sanyin hali da ke da gareji da tsohuwar janwe guda. Da bayansa ya fara ciwo aka rasa mai fita da motar, sai ta je ta yi lasin babbar mota ba ta shawarci kowa ba. A lokacin mace a kan janwe abin kallo ce. Direbobin da ke zama a shagon tsiren bakin tashar jirage suka samu abin yi, in ta wuce su ɗaga murya su ce ta yi a hankali kada ta dafa wannan ma. Da sanyi ya shigo hanya ta yi santsi, ɗaya bayan ɗaya ta tsamo su daga ramuka, kuma kowanne sai ta bar shi ya ɗan tsaya cikin iska kafin ta sauko ta ɗaura ƙugiya. Daga shekarar suka rage baki. Ta haifi 'ya'ya mata biyu, ta binne Svend, ta riƙe garejin ita kaɗai, har gwiwoyinta suka ce sun gaji ta sayar.

Wata Asabar bayan ta ajiye aiki ta raka ƙawarta kasuwar gwanjon da ake ci a filin makaranta a Ulfborg. Tana tona wani kwando na tarkace don kashe lokaci, sai yatsanta ya taɓa wata 'yar taya: baƙar roba, jan ciki, da ɗan ƙarfe a tsakiya. Ta san ta nan take. Ta tsaya riƙe da ita a tafin hannu har mai kayan ya tambaye ta ko lafiya. A hanyar komawa gida ta ci alwashin sai ta tara motar nan kaf, guda-guda, kafin Erling ya cika saba'in. Saura shekara uku.

Ta ɗauka abu ne na wata biyu. Aka haɗa ta da wani Mogens, tsohon malamin lissafi a Herning, wanda ya mayar da ɗakin ƙasan gidansa ma'ajiyar irin waɗannan kaya. Mutum ne da ke sa farar safar hannu kafin ya taɓa kwali. Ya saurari labarinta har ƙarshe, da ta zo wurin tukunya ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Ya ce ya san motar, yana ma da ita, sabuwa fil a kwalinta, ba a taɓa buɗewa ba. Ya nuna mata daga bayan gilashi.

"Shekara nawa tana nan a rufe?" in ji Jonna.

"A wurina, ashirin da shida."

"Ba ka taɓa jin kana son ka ga tayoyin ba?"

"In aka buɗe ai ta tashi daga aiki."

"Wane aikin take yi yanzu?"

Bai ji daɗin tambayar ba, amma bai kore ta ba. Ya buga mata jerin duk guntayen da ke cikin motar, ɗari da 'yan kai, ya koya mata yadda ake juya bulo a duba cikinsa a gane na wancan zamanin ne ko na baya-bayan nan. Ya ce in dai don a ga mota ne, ta sayi sababbi, ba mai ganewa. Jonna ta ce Erling zai gane. Ko da bai gane ba, ita ta sani.

Haka ta shiga yawon kasuwannin gwanjo da tabarau a wuya da takardar Mogens a aljihu. Ba garin da ba ta taka ba daga Skive zuwa Varde. Ta durƙusa a gaban kwanduna har gwiwa ta ƙi miƙewa, ta sayi buhu guda don guntu ɗaya ta rabar da sauran. Da labari ya bazu, mata suka riƙa sauko mata da tsofaffin jakunkuna daga saman rufi, kowacce da sharaɗin kada ta dafa. Ta ce su yi dariyarsu, amma kada wanda ya kai zancen kunnen Erling, kuma abin mamaki garin da ba ya riƙe sirri ya riƙe wannan. Kowane guntu ta samu sai ta wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da tsohon buroshin haƙori, tana gwada ruwan da gwiwar hannu kamar za ta yi wa jariri wanka. Maɓallin juya tayoyi ne ya fi ba ta wuya. Shekara guda da rabi tana nema, sai ga Mogens ya bugo waya ya ce ya samo shi wurin wani abokinsa a Holan.

Ranar da ya iso ta share teburin kicin, ta baza kwafin takardar haɗi da Mogens ya ba ta, ta zauna. Kafin gahawarta ta huce sau biyu mota ta tsaya. Ta murɗa maɓallin, tayoyin gaba suka juya. Ta saki zare, ƙugiya ta sauko. Mace mai shekara sittin da biyar ta tura mota a kan tebur tana yi mata ƙarar inji da baki, ba ta ji kunyar kowa ba.

Ana saura wata guda biki, Bodil matar Erling ta aiko da katin gayyata: zauren taron gari, ƙarfe ɗaya na rana, mutum sittin da huɗu. Ɗan Goggo Oda, Torben, shi ne mai jan ragamar taro, kuma mutum ne da ke rubuta minti nawa kowa zai yi. Ya bugo ya tambaye ta jawabi za ta yi ko waƙa. Ta ce waƙa, da maɓoyar takardunta irin jirgin kwalin Goggo Oda. Ya ba ta minti bakwai tsakanin miya da nama. Shirinta shi ne ta ɗaura takardun waƙar a kan ɗan allo mai taya, motar ta jawo su har gaban Erling. Ta tsara baiti tara, ta gwada jan a kicin, komai ya tafi daidai.

Da safen ranar bikin, ta yi kwalliya ta gama, ta ɗauko motar za ta sa a kwali. Ta tsaya tana kallonta, tana tunanin fuskar Erling in ya gan ta a haɗe tsaf. Sai ta tambayi kanta: Me zai yi da ita? Ya ce na gode, ya ɗora a kan kabad. Ai Erling ba motar da aka gama ya rasa ba. Abin da aka ce ya jira shi ne haɗawar, ita kuwa ga shi ta sake riga shi, ta zauna a kicin ɗinta ta sha daɗin abin ita kaɗai. Karo na biyu ke nan tana buɗe masa kwali.

Ta cire 'yan kunnenta, ta ɗauko wuƙar shafa man shanu, ta fara ɓamɓarewa. Aikin shekara uku ta mayar da shi guntaye cikin minti goma. Sai kuma ta ga ba ta da maɓoyar waƙa, baitocin ma duk a kan motar da ke jan kaya aka gina su. Ta bar takardun waƙar a kan tebur. Ta duba kicin tana neman abin da za ta zuba guntayen, idonta ya sauka kan babbar tukunyar miya. Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce to, tunda sun daɗe suna so.

An sha miya an kwashe kwanuka, Torben ya buga cokali a jikin kofi ya ce yanzu ƙanwar mai biki ce da waƙa. Jonna ta fito daga bayan labule rungume da tukunya. Ba ta kai tsakiyar zaure ba aka fashe da dariya, wasu har sun fara rera baitin ba a ba su takarda ba. Ta bi ta tsakanin tebura ba ta kalli kowa ba, ta dire tukunyar gaban Erling, ta ɗage murfi. Waɗanda ke kusa suka miƙo hannu za su zari takarda, suka ga ba takarda. Shiru ya fara daga teburin ya bi zauren.

"Erling, ba ni da waƙa," in ji ta. "Na ɗaukar maka abu ina shekara bakwai. Ga shi nan, ba abin da ya ɓace, duk na shekarar ne. Ban haɗa ba." Ta ajiye murfin a gefe. "Ƙarya nake, na haɗa. Amma na warware."

Erling ya leƙa cikin tukunyar. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Jonna ta tsaya a kansa, ta san abin da ke tafe: zai ce ya gode, za a duba a gida. Bodil ma ta san mijinta, har ta miƙo hannu za ta ɗauke tukunyar ta rufa wa kowa asiri. Sai ya dafa bakin tukunyar. Ya ture kofinsa da cokulansa gefe, ya juye guntayen a kan farin mayafin tebur, ya fara ware su, jajaye nan, baƙaƙe can.

Jonna ta yi sauri ta zaro kwafin takardar haɗi daga jakarta ta shimfiɗa masa. Ko kallon takardar bai yi ba, ya ture ta da bayan hannu.

"Ɗauke takardar nan, tana tare min wuri."

Ya ɗauki dogon farantin da ke zama ƙasan motar, ya kafa tayoyin baya, ya jera bulo biyu a kai, ya ɗauki na gaba ba tare da ya yi laluben komai ba. Nan Jonna ta gane cewa yaron da ya yi kwana biyar yana cin abinci da takarda a gabansa bai manta ko layi ɗaya ba. Mutane suka fara tasowa daga kujerunsu suna zagaye teburin. Torben ya duba agogo ya ce minti bakwai sun cika, ba wanda ya juyo. Mai girki ta leƙo ta ce nama ya yi, Bodil ta yi mata alama da hannu ta koma.

Da aka zo wurin maɓallin tayoyi aikin ya tsaya. Yatsu biyu na hannun hagun Erling sun sandare tun da injin jan koma ya kama su shekarun baya, ga guntayen ƙanana. Ya danna, abin ya zame. Ya sake, gaban motar ya ɓalle gaba ɗaya ya watse a tebur. Wani ya ja numfashi. Erling ya zauna yana kallon hannunsa, kunnuwansa sun yi ja. Jonna ta ji kamar ta nutse, ta ce a ranta ta jawo masa abin kunya a gaban mutum sittin.

Ya jawo kujerar da ke gefensa da ƙafa.

"Zauna, 'yar ƙanwa. Riƙe min nan. Da ma aikin mutum biyu ne, Baba zai riƙe, ni in danna."

Ta zauna ta riƙe. Ya danna, abin ya kama. Suka ci gaba, kai da kai, ba mai kallon wani. Yana cikin jera bulon ƙofa ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma zauren ya yi tsit har na nesa sun ji.

"Na daɗe ina jin haushinki."

"Na sani."

"Shekara hamsin da takwas."

"Ai tare muke ƙirgawa."

"To, ya isa haka. Miƙo min gilashin."

Ta miƙa masa, ba ta ganin abin da take miƙawa sosai, sai da ta goge ido da kafaɗa don hannunta ɗaya na riƙe da mota. Daɗin da ta ji a lokacin ba ta taɓa jin irinsa ba, ko ranar da ta karɓi lasin.

Minti arba'in aka yi kafin ya zura zare a ƙugiya ya ɗaure da irin ƙullin masunta. Ya murɗa maɓallin, tayoyi suka juya hagu, suka juya dama. Ya tura motar a kan dogon teburin, ta bi ta tsakanin kofuna da tulun furanni ta tsaya a jikin farantin Torben. Zauren ya ɗauki tafi da buga tebur, tsofaffin masunta da ba a taɓa ganin haƙoransu ba suna ta ihu kamar an ci ƙwallo. Torben ya naɗe takardar tsarinsa ya sa a aljihu. Aka kawo nama ya bushe ƙayau, dankali ya huce, aka cinye tas ba wanda ya yi ƙorafi.

Jonna ta tashi za ta koma kujerarta can ƙarshen zaure, Erling ya ce a kawo mata farantinta nan. Suna cin abinci, motar a tsakaninsu, ya ce mata a bayan takardar nan ta asali akwai hoton wata motar, doguwa mai tirela, shuɗiya, wadda ya yi niyyar roƙon Baba a shekara mai zuwa. Ya tambaye ta ko har yanzu ana samun irinta.

Ta ce ana samu, amma guda-guda, kuma sai an sha yawo.

"Ina ake farawa?"

"Akwai gwanjo a Struer ranar Asabar. Ƙarfe tara ake buɗewa, in ka makara an kwashe na kirki."

Erling ya yanki busasshen namansa ya tauna a hankali.

"Ki biyo ta gida ƙarfe bakwai da rabi ki ɗauke ni," in ji shi. "Ke za ki tuƙa, kin fi ni sanin hanya."